Ni Na Rubuta Dokar da Za Ta Kori Karena

Abla Kausar,

Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki taimake ni kafin Juma'ar sama, domin ranar ce za a yi taron da ya hana ni sukuni. Shekara da shekaru ina karanta wannan fili naki, ina kurɓar shayi ina girgiza kai ina cewa mutane ba su da aikin yi. Yau ga shi ni ne na yaga takarda huɗu kafin in iya fara wannan. Kada ki sa sunana. Na san a unguwarmu in aka ce tsohon ma'aikacin rajista mai kare buldog, har mai sayar da wake a tashar tiram, jirgin ƙasan cikin gari, ya san wanda ake nufi, amma dai ki rufa mini asiri gwargwadon iko.

Shekarata sittin da bakwai. Talatin da huɗu daga ciki na yi su ne a bayan tebur a nan Iskandariyya, ina duba takardun haihuwa da na mutuwa. Ba yabon kai ba, an san ni. Takardar jabu ko daga ƙofa aka ɗago ta nakan gane, wani lokaci da kalar tawada, wani lokaci da yadda mai ita yake riƙe da ita. Yaran ofis, da ke kirana Ustaz yadda ake kiran duk ɗan boko a nan, har cewa suke yi ina jin warin hatimin ƙarya. Na faɗi wannan ne don ki gane girman abin da ya same ni, an ce wanzami ba ya son jarfa.

Matata Terez ta rasu shekara huɗu da suka wuce. Bayan rasuwarta na yi wata takwas ba na sauka daga hawa na biyar sai don coci da karɓar fansho. 'Yata da ke aure a Kanada ita ta dame ni a waya, kullum maganarta ɗaya, Baba ka nemi kare, ka sami abin da zai fitar da kai. Na ce mata ni ba yaro ba ne. Amma wata Juma'a na tsinci kaina a kasuwar dabbobi, ina zagaya tsakanin tattabaru da zomaye, har na tsaya gaban wani mutum mai kwali. A cikin kwalin akwai ɗan kwikwiyo ɗaya, fari mai tabo ja a ido, fuska duk a tattare kamar tsohon da aka tasa daga barci, ga ɗan guntun bindi. Ya dube ni ya yi atishawa. Mutumin ya ce, "Ustaz, wannan ba na kowa ba ne, uwarsa da jirgi ta zo, fasfonta ya fi nawa tambari." Na ce masa ni ba a yi mini daɗin baki, ya kawo takarda. Sai ya zaro wani ɗan littafi mai koren bango, da hoton kwikwiyon a manne, da layi da aka rubuta iri: buldog na Ingila, da sa hannu, da hatimi shuɗi na wani asibitin dabbobi. Na fito da shi rana, na juya shi, na shafa bayan takardar in ji tudun hatimin. Gaskiya ne, ba jabu ba. Abla, hatimin na duba, ban duba karen ba.

Na sa masa suna Basha. Ba zan ɓoye miki ba, shi ya dawo da ni cikin mutane. Kullum da safe mukan sauka bakin teku, mu taka har wajen mai soya hanta, ni in ci nawa, shi a ba shi gutsuren burodi da aka dangwala a mai. 'Yan makaranta suna tsayawa su ɗauki hoto da shi. Mutanen da shekara ashirin ba mu wuce gaisuwa ba suka koma kirana Abu Basha, wato baban Basha. Ni kuma kaina ya fara kumbura. Duk wanda ya tambaya sai in gyara tsayuwa in ce ɗan asali ne, da takardarsa, da hatimi.

Ba wai ban ga alamu ba. Tun yana wata bakwai ƙafafunsa suka fara miƙewa. Fatar fuskar da ta tattare ta sake, baki ya ɗan yi tsawo. In ya ji motsin makulli kunnensa na hagu yakan miƙe tsaye cak. An ce buldog minshari da haki ne aikinsa, nawa kuwa in wuta ta ɗauke lifta ta tsaya, a guje yake haye hawa biyar ya zauna yana jirana ina tafe ina dafa bango. Kowace alama na nemo mata bayani. Har cewa na yi akwai wani reshe nasu na arewacin Ingila, su dogaye ne, kuma ban san inda na samo wannan magana ba. Wata rana maigadin benenmu, Amm Shahata, wanda ya girme ni, ya tsura masa ido ya ce, "Wallahi Ustaz, in ya juyo haka sai ka ce karyar nan da ke kwana bayan gareji, ko dai 'yan uwa ne?" Da wasa ya faɗa. Mako guda na yi ba na amsa gaisuwarsa.

Yanzu zan zo kan abin da nake ta kewaye-kewaye don kada in faɗa.

A hawa na uku akwai Madam Afaf, tsohuwar malamar lissafi, ita kaɗai take zaune tun da 'ya'yanta suka watse. Ta tsinci wata karya baladi, irin karnukanmu na titi, ruwan ƙasa mai lanƙwasasshen bindi, a ƙarƙashin mota da karyayyar ƙafa. Ta kai ta aka ɗora, ta yi jinyarta, ta sa mata suna Zaituna. Gaskiya karyar tana da haushi. In mai tukunyar gas ya shigo layi yana buga sifana a jikin tukunya don talla, sai ta ɗauki haushi har ya fita, kuma jikar mutanen hawa na huɗu tana tsoronta. An yi gunaguni, wannan ba ƙarya ba ne. Amma abin da ya tunzura ni dabam. Wata safiya muka haɗu a lifta, Basha ya kai hanci zai shinshine ta, ta yi masa gurnani ta kai cizo a iska. Ko gashinsa ba ta taɓa ba. Ni kuwa na hau sama ina huci, wai karyar bola za ta yi wa kare mai takarda tsawa a gabana.

Ni ne sakataren ƙungiyar mazauna benen, don ni na iya rubuta bayanin taro, kuma hatimin ƙungiya a aljihun teburina yake kwana. Na zauna na tsara doka da hannuna, layi ɗaya: ba a yarda a ajiye kare a wannan bene ba sai mai takardar asali. Na kai taro. Madam Afaf ta miƙe, ba ta ɗaga murya ba, ta ce, "Ya Ustaz, Zaituna ba ta da takarda, amma ba ta taɓa jiƙa lifta ba. Naka fa, sau nawa Amm Shahata ya bi bayansa da tsumma?" Aka yi dariya. Dariyar nan ita ta ƙarasa ni. Na ɗaga koren littafina sama na ce, "Madam, barbarar yanyawa ko da turare aka yi masa wanka, titi ne gidansa." Ta dube ni, ta zauna. Babu wanda ya nemi buɗe littafin nawa, wa zai duba takardar Ustaz? Aka ɗaga hannu, doka ta wuce, na buga hatimi.

Bayan kwana goma ta kai Zaituna wajen ƙanwarta a Damanhur. Ina baranda na gan su suna jiran mota, karyar tana zaune a kan ƙafarta, ita kuma riƙe da leda mai kwanon abincinta da bargo. Na ja labule na koma ciki, na ce wa kaina doka doka ce. Wata goma sha huɗu ke nan. Da ta daina gaishe ni da ya fi mini sauƙi, amma har yau in mun haɗu sai ta ce barka da asuba ya Ustaz, ta matsa gefe Basha ya shiga lifta tukuna.

Kwana tara da suka wuce kunnen Basha ya fara ƙaiƙayi. Tsohon likitan da muke zuwa wajensa ya daina aiki, shi kuwa bai taɓa ce mini komai ba, ko don ganin furfurata ne ban sani ba. Na kai shi wajen wata sabuwa, Dakta Mirna, yarinya ce da ba ta kai 'yata ba. Tana cike kati ta tambayi irinsa, na ajiye mata littafin a tebur yadda na saba, kamar mai ajiye lambar yabo. Ta buɗe, ta dubi Basha, ta rufe. Ta buɗe bakinsa ta duba haƙora, ta shafa ƙafafun, sannan ta kama bindin ta daɗe tana lalubawa. Ta ce, "Ammo," wato baffa, "kawo hannunka." Ta ɗora yatsana a ƙarshen bindin, a ƙarƙashin gashi. Akwai tabo mai tauri, ƙashin kuma ya ƙare a dungule kamar an sare rake. Ta ce ba haka aka haife shi ba, yanke masa aka yi yana ɗan kwanaki, kuma ta sha ganin haka daga kasuwa. Na ce to hatimin fa? Ta ce, "Hatimin gaskiya ne, Ammo. Ya tabbatar an yi masa allurar rigakafi, iyakarsa ke nan. Layin iri kuwa, abin da mai kawo kwikwiyo ya faɗa shi ake rubutawa, ko zaki ya ce." A ganinta ɗaya daga iyayensa buldog ne, ɗayan kuma baladi. Har murmushi ta yi, wai in gode Allah yana numfashi da kyau. Ni kuwa na ce mata har yanzu da sauranta a aiki, na ja igiya na fita ko sallama babu.

Shekara talatin da huɗu ina koya wa yara cewa kafin ka tambayi ko hatimi na gaskiya ne, ka tambayi me ya zo ya shaida. Ni na manta da wannan a tsakiyar kasuwar tattabaru.

Ga inda ramin ya rufta da ni. Wasu sababbin ma'aurata sun tare a hawa na biyu da wata 'yar farar karya mai gashi, kuma matar ta nuna mini takardarsu a bakin lifta. Faffaɗa ce, da sunan uwa da uba da kakanni har hawa uku, da lambar da ke jikin karyar. Ko kusa ba ta yi kama da nawa ba. Shugaban ƙungiyarmu, Injiniya Ramzi, ya ce tunda karnuka sun ƙaru, ranar Juma'a kowa ya zo da takarda a yi kwafi a sa a fayil. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Da kai za mu fara, Ustaz, ka nuna wa yara yadda ake aiki." An ce in za ka gina ramin mugunta gina shi gajere. Ni nawa da ma'auni na gina shi, na kuma buga masa hatimi.

Tun ranar ban san abin da nake yi ba. Na ɗauko tef ɗin ɗinkin Terez na auna Basha, santimita hamsin da biyu a kafaɗa, na sake aunawa ko zai ragu. Na cika wayata da hotunan buldog ina kwatantawa. Na san wani mutum a bayan kotu da ke iya fitar da kowace irin takarda, ni na taɓa kama aikinsa sau biyu. Ranar Talata na hau tiram na je har layinsu, na zauna a gidan shayin da ke kallon ƙofarsa, na sha kofi biyu, na tashi na dawo. Ban shiga ba, amma na je, kuma wannan kaɗai ya isa ya hana ni kallon hoton matata. Na kuma yi tunanin littafin taro a hannuna yake, shafi ɗaya ne, in na cire shi wa zai sani.

Abin da ya fi duka muni shi ne yadda nake yi wa Basha. Kwana tara ban bar shi ya hau kujera kusa da ni ba, wurin da yake kwanciya tun yana kwikwiyo. Na daina kai shi bakin teku, sai in zaga da shi ta matakalar baya in dawo da sauri kafin mutane su fito. Nakan kama kaina ina kallon dogon bakin nan nasa da haushi, kamar shi ya yaudare ni. Shi kuma sai ya ɗauko igiyarsa a baki ya zo ya zauna a gabana, in ban kula shi ba ya ajiye ta, ya ɗora haɓa a kan silifata. Kunyarsa nake ji a gaban mutane, kuma ina jin kunyar wannan kunyar.

To Abla, ki gaya mini. Zai yiwu yarinyar nan ta yi kuskure? Ta yaya ake tabbatarwa ko kare ɗan asali ne ko ruwa biyu? 'Yata ta ce akwai gwajin da ake yi da yawu, in yi shi? In ranar Juma'a ta zo, in yi ƙaryar rashin lafiya, ko in ce takardar ta ɓata? In aka bi dokata Basha zai bar gidan nan, kuma ban san yadda zan koma zaman hawa na biyar ni kaɗai ba. Madam Afaf kuma, da wane ido zan dube ta?

Naki cikin damuwa,
Mai Hatimi, daga unguwar Ibrahimiyya

*

Ya Ustaz Mai Hatimi,

Na karanta wasiƙarka sau biyu. Bari mu fara da tambayar da ta fi sauƙi, ko da yake na san ba ita ce ta hana ka barci ba.

Likitarka ba ta yi kuskure ba, a iya abin da ka bayyana. Buldog na Ingila gajere ne mai faɗin ƙirji, ba kasafai yake wuce santimita arba'in a kafaɗa ba, kai kuma ka auna hamsin da biyu har sau biyu. Bakinsa a dakushe yake, muƙamuƙin ƙasa ya zarce na sama, kunnuwansa ƙanana ne da suka naɗe baya, ba sa miƙewa don jin makulli. Bindinsa gajere ne tun haihuwa, ko miƙaƙƙe mai tsini ko murɗaɗɗe, kuma babu tabo a ƙarshensa. Alama ɗaya ba ta yanke hukunci, domin ko a cikin 'yan asali akwai mai ɗan tsawo da mai ɗan dogon baki. Amma kai alamu biyar ka lissafo da bakinka, ga kuma tabon da yatsanka ya taɓa. In zuciyarka ba ta kwanta ba ka kai shi wajen likita na biyu a ɗauki hoton ƙashin bindin, ba laifi ba ne.

Ka kuma sani, ido ba ya tabbatar da asali, iyakarsa ya ƙaryata. Abin da ke tabbatarwa shi ne irin takardar da ka gani a hannun maƙwabciyarka, wadda ƙungiyar masu rajistar karnuka ke bayarwa, da sunayen iyaye da kakanni, da lambar da ta yi daidai da 'yar na'urar da ke ƙarƙashin fatar karen. Gwajin yawu akwai shi, ana goga auduga a cikin kumatu a aika waje. Yana ɗaukar makonni, ƙiyasi yake bayarwa, kuma ba ya zama takardar asali. In kana sha'awar sanin dangin Basha ka yi shi wata rana don nishaɗi. Ba zai iso kafin Juma'a ba, kuma ko ya iso ba zai faɗi abin da kake so ya faɗa ba.

Yanzu ga tawa maganar. Kunya tana damunka, amma ka ɗora ta inda ba nan ne wurinta ba. An cuce ka a kasuwa lokacin da kake cikin makoki, kana neman abin da zai riƙe ka. Wannan ba abin kunya ba ne. Mai kunya shi ne wanda ya sa wuƙa a bindin kwikwiyo ɗan kwanaki. Haka kuma ba zan ce ba ka da hujja ko kaɗan a kan maganar Zaituna ba. Bene mai hawa biyar da yara da tsofaffi yana bukatar doka a kan karnuka, haushin ya dami mutane, yarinya kuma tana jin tsoro. Sai dai dokarka ba ta auna haushi ba, ba ta auna cizo ba, kakanni ta auna. Kuma maganar da ka yaɓa wa Madam Afaf a gaban jama'a, ko da kakan Basha a fadar Ingila ya yi wayo, da mummunar magana ce. Ba tabon bindi ne ya mai da ita laifi ba. Tun ranar da ka ja labule ka san haka, shi ya sa ka iya gaya mini abin da ke cikin ledarta bayan wata goma sha huɗu.

Mutumin bayan kotu, ka manta da layinsu. Ka je ka sha shayi ka dawo, wannan ya nuna mini ma'aikacin nan na shekara talatin da huɗu yana nan da ransa, kada ka kashe shi da hannunka. Shafin littafin taro ma ka bar shi inda yake. Mutane da yawa sun ɗaga hannu a kansa, kuma akwai mace ɗaya da ta haddace shi. Ƙaryar ciwo kuwa mako ɗaya za ta saya maka, Juma'a ba ta ƙarewa.

Ga abin da za ka yi. Kafin taron, ba bayansa ba, ka sauka hawa na uku ka ƙwanƙwasa ƙofa. Kada ka aika saƙo, kada ka tare ta a lifta. Ka je da koren littafin, ka gaya mata abin da likita ta ce, sannan ka gaya mata abin da ka faɗa a taro bai dace ba ko da littafin ya zama abin da ka zata. Ka taƙaita. Kada ka nemi ta yafe maka nan take don kai ka sami sauƙi, tana iya rufe ƙofa, kuma haƙƙinta ne. Ka tambaye ta ko tana son Zaituna ta dawo. Wataƙila karyar ta saba da Damanhur, wataƙila Madam ba ta son sake tayar da ciwon, ita za ta yanke. In ta ce tana so, kai za ka nemo mota, kai za ka riƙe ledar.

Ranar Juma'a kuma, tunda Injiniya ya ce da kai za a fara, to a fara da kai. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Ka miƙe ka ajiye littafin ka ce wannan na rigakafi ne, ba na asali ba, karena ruwa biyu ne, dokar da na rubuta ta kama ni, kuma tun farko ba ta yi adalci ba. Sannan ka fito da sabuwa, da ma tsara doka aikinka ne: kowane kare ya kasance da rigakafi a kan lokaci, da igiya a matakala da lifta, mai shi ya share bayansa, mai cizo a sa masa takunkumi, mai yawan haushi a yi wa mai shi gargaɗi. Ka lura, a ƙarƙashin wannan doka ɗan koren littafin nan naka shi ne ainihin takardar da ake bukata, kuma hatiminsa zai shaidi abin da ya zo shaida.

Ba zan yi maka alkawarin za su amince ba. Suna iya cewa doka doka ce, kamar yadda ka koya musu, shi ya sa nake so ka fara samun Madam Afaf da Injiniya kafin a zauna. Amma a sanina da mutane, wanda ya tona kansa da bakinsa ba a cika kai masa duka ba. Za a yi maka dariya, wannan kam babu makawa. Amm Shahata zai yi wata guda yana tambayarka lafiyar dangin bayan gareji. Ka amsa masa, ka kuma ba shi haƙuri, shi ya riga likita gani. Dakta Mirna ma tana bin ka sallama, kuma gaskiya ta faɗa maka, dogon bakin nan shi ya sa karenka ke haye hawa biyar a zafin Agusta, lokacin da 'yan asali da yawa ke kwance suna neman numfashi.

Amma duk wannan na gobe ne da jibi. Akwai wanda kwana tara yana kawo maka igiya yana ajiyewa, bai san me ya yi ba. An yanke masa bindi don a sayar maka da shi, ya fitar da kai daga ɗakin da ka kulle kanka wata takwas, kuma bai taɓa tambayar takardarka ba. Ka ajiye jaridar nan yanzu, ka buga hannu a kan kujera ka kira shi. Gobe da safe ku sauka ta babbar ƙofa, ku je wajen mai hanta.

Allah ya ba ka ƙarfin hali, ya sa a tashi taron lafiya, ya jiƙan Madam Terez. Ka shafa mini kunnen nan na hagu.

Taka,
Abla Kausar